Wadda Iya Ta Gani a Bayan Yaya Muntasir

Cheras, Kuala Lumpur
Lahadi da yamma

Zuwa ga Yayana Muntasir,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya sanyin York, ya karatu? Mu nan kowa lafiya lau, sai ruwan sama da yake zuba kullum da la'asar kamar wanda ya ɗauki alkawari.

Na san za ka ce me ya hana ni in kira ka kamar sauran mutane. Ka dai san ni, a waya bakina mutuwa yake, amma ka ba ni biro da takarda sai ka gaji da ni. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hoto na turo maka. Kuma na ce lafiya lau ne kawai don haka ake fara wasiƙa. Gidan nan a hargitse yake tun kiran bidiyon da ka yi ranar Juma'a.

Ni ban ga abin da idona ba, lokacin Mama ta aike ni mamak, shagon abincin nan na ƙasan bene, in ƙunso mana roti, gurasar nan tasu. Ina dawowa na tarar da Iya tsaye ƙyam a tsakiyar falo, ita da aka kawo Malesiya don ciwon gwiwa, tana ta jera a'uziyya. Ga abin da ta faɗa. Wai kana cikin nuna mata tsohon gidan nan da kake aikin zagayawa da baƙi, sai wata mata ta ɓullo ta ƙofar bayanka, fuska fara fat kamar an tsoma ta a garin rogo, da mayafi ruwan toka har ƙasa. Ta tsaya ta dube ka, ta yi murmushi, ta wuce. Iya ta ce, "Maigida, wace ce waccan?" Ka ce, "Ba kowa, Iya." Ta sake tambaya, ka waiga ka ce, "Ba kowa a nan, ni kaɗai ne." Baba yana gefe yana cin abinci, bai kalli wayar ba, amma ya ji amsarka da kunnensa.

To ka ji yadda Iya ta yanke: ita ta gani, kai ba ka gani ba, ke nan aljana ce. Kuma wai murmushin nan ba na banza ba ne, ko ta aure ka ko tana shiri.

Washegari maƙwabciyarmu Mak Cik Rosnah ta shigo da kuih, irin ɗan alawar nan tasu mai kore. Iya ba Malayanci, ita ba Hausa. Sai Iya ta janyo farin zanin gadon Mama ta lulluɓa, ta nuna hotonka na bango, ta yi irin murmushin. Yaya, Mak Cik sakin faranti ta yi ta ce, "Pontianak!" Wai haka sunan tasu fatalwar. Tun daga ranar ba sa rabuwa. Yau da safe sun turara gidan har ƙararrawar gobara ta tashi, mai gadi ya hawo da gudu.

Yanzu ga wadda ba ta dariya ba. Ka san Baba ba ya ƙetare maganar Iya. Ya ce ƙarshen watan nan za ka tattaro ka taho, a kai ka wurin Malam Hambali a Kampung Baru a yi maka ruƙiyya, karatun kuma ka ƙarasa shi a nan. Na ji shi yana tambayar tikiti a waya. Da gaske yake.

Amma don Allah kafin ka taho ka ba ni labarinta. Ni ban yarda mace ta yi shekaru aru-aru tana zagaye gida ɗaya haka kawai ba, sai in akwai wanda take jira. Wane ne? Ya dawo?

Mama tana gaishe ka.

Taka ƙanwar,
Zuhra

*

York
Talata

Malama Zuhra ta littafi,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma yi dariyar zanin gado har maƙwabcina ya buga mini bango. Da na kai wurin tikiti dai dariyar ta tsaya.

Bari in fara da tambayarki tunda na san ba za ki yi barci ba. Garin nan, kamar yadda Kano take ji da kasuwa, haka suke ji da fatalwa. Kowane lungu da tasa. Akwai gidan da suke cewa wani mai gyaran famfo ya ga sojojin Rumawa suna fitowa ta bangon ɗakin ƙasa, har da doki. Akwai tagar da wai ake ganin yarinya tana kuka tun zamanin annoba. Masu gidajen cin abinci har musu suke, wannan ya ce tasa ta fi tsufa, wancan ya ce tasa ta fi naci. Mu a gida in an ce kango da aljanu sai a canza hanya. Su nan layi suke bi, da yara, da laima.

Aikina ba wuya. Ina sa doguwar baƙar kwat, in riƙe fitila da rana tsaka, in zagaya da mutane ɗaki-ɗaki ina ba su labari. Makon farko duk ɗakin da zan shiga sai na yi sallama, kin san sabo. Na zaci mai gidan zai hana. Sai ya ce in ci gaba, wai in na yi sallamar na ɗan saurara ba a amsa ba, har shi tsigar jikinsa tashi take.

Ita mai ruwan tokar, labarin da muke bayarwa shi ne 'yar wani attajiri ce. Wanda zai aure ta ya bi kogi a jirgin fatauci, ya ce ta jira shi a tagar sama. Bai dawo ba. Kada ki yi kuka, ni ina zaton wani gari ya samu ya fi nan rana.

Ki kwantar wa Iya da hankali. Ki ce mata hasken taga ne, tsofaffin gilasan nan haka suke yi a waya. Kuma ko da ma ita ce, ba ta cutar da kowa. Wadda in ta ga gizo-gizo sai ta haye kujera? In ta yi dariya ma kumatunta na hagu loɓawa yake har hodar ta tsage a wurin. Ba abin tsoro a tare da ita.

Ba zan iya barin garin nan yanzu ba, Zuhra. Saura kaɗan in gama, ga kuma wasu dalilai.

Ki gaida Mama, ki gaida matata Iya, ki ce mata na ji gwiwa ta warke ba likita. Ki miƙa gaisuwata wurin Baba.

Yayanki,
Muntasir

*

Cheras
Alhamis

Yaya Muntasir,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya.

Na faɗa wa Iya maganar hasken taga. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Haske yana murmushi ne?" Mak Cik tana gefe ba ta san me aka ce ba, amma ta gyaɗa kai ta ce, "Betul, betul," wato gaskiya ne. Yanzu sun haɗa maka ƙullin habbatus sauda da ganyen magarya, da wani lemun tsami mai kurajen jiki da Mak Cik ta ce da shi ake wanka a nan. Suna kan firij suna jiran ka.

To ni ma ina da tambaya, kuma ka yi haƙuri, a fili ba zan iya yi maka ita ba ko za a yanka ni.

Yaya, wace irin fatalwa ce take tsoron gizo-gizo? Wace fatalwa ce take shafa hoda? Kuma yaushe ka tsaya ka kalle ta har ka san na hagu ne yake loɓawa ba na dama ba? Kai da Mama ta canza labulen falo gaba ɗaya ka yi hutu guda ba ka lura ba.

Na karanta wasiƙarka a jirgin ƙasa na MRT, na sake karantawa a makaranta a ƙarƙashin tebur, har na wuce tasharmu a dawowa. Littattafan nan da kake yi mini tsiya a kansu sun koya mini abu ɗaya. In an tambayi namiji wace ce waccan ya ce ba kowa, ya kuma maimaita, to ita ce kowa ɗin. Sannan "wasu dalilai". Hmm. Ina ganin dalilin ɗaya ne kuma yana sa mayafi ruwan toka.

Ni har na gama tsara abin a raina. Ana yayyafi, kai ka manta laima, ita tana tsaye a tagar sama, fitilarka ta mutu. In ba haka aka yi ba kada ka gyara mini, ka bar ni da nawa.

Amma ka yi sauri. Baba ya ce ranar Litinin zai je unguwar Brickfields wurin Alhaji Maitama mai harkar tikiti. In ya riga ya yanka, ka san shi, ba ya komawa baya.

Mene ne sunanta?

Taka,
Zuhra

*

York
Juma'a

Zuhra,

Salam. Allah ya shirye ki da littattafanki.

Sunanta Hasna. Mutum ce kamar ni da ke. A Leeds aka haife ta, iyayenta mutanen Zariya ne, tarihi take karanta a makarantarmu. Ita take sa kayan mai ruwan toka ta gifta ta bayan baƙi su yi ihu. Ta ce aikin ya yi mata ne don shi kaɗai ne wanda ba a taɓa tambayarta ko za ta cire hijabi ba, a ƙarƙashin mayafin yake abinsa. Kuma ba yayyafi ba laima. Atishawa ta yi a bayan labule, na manta ina gaban baƙi na ce yarhamukillah, sai na ji fatalwa ta amsa.

Ranar nan ba ta san ina waya ba. Da Iya ta tambaya, na buɗe baki zan faɗa, sai na jiyo ƙarar cokalin Baba a faranti. Zuhra, ni ɗan fari ne. Mutumin nan ko sunana ba ya kamawa, "yaron nan" yake cewa. Ta ina zan fara? Da na ce abokiyar aiki ce, Iya fuskata kawai za ta kalla ta rangaɗa guɗa a gabansa. Sai bakina ya ce ba kowa. Ni niyyata in gama jarrabawa, in bi ta hannun manya yadda ake yi.

Yanzu ke kaɗai gare ni a gidan. Ki samu Iya ita kaɗai ki faɗa mata, ita ta san yadda za ta yi da ɗanta. Na san abin da nake nema a wurinki, ke da ko gaisuwar baƙi sai an janyo ki daga ɗaki. Amma in aka ɗauke ni daga nan, karatu zai samu a ko'ina. Hasna kuwa mahaifinta ba zai saurari wanda aka kwashe don taɓin aljanu ba.

Ki taimaki yayanki.

Muntasir

*

Cheras
Asabar da safe

Yayana,

Assalamu alaikum. Na yi! Wallahi na yi.

Jiya na yi ta kewaya Iya kamar kyanwa. In buɗe baki sai in ji na ce, "Iya, in kawo miki ruwa?" Ta sha ruwa har ta ce ko so nake in kashe ta. Bayan la'asar Mama ta fita kedai, wato kanti, Baba yana makaranta, ta miƙo mini ƙafa in shafa mata man zafi. Da yake gwiwar nake kallo ba fuskarta ba, sai maganar ta fito da kanta. Na faɗa mata komai, har atishawar.

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ja'irin yaro! Wato tsoron cokali ne ya sa ya ƙaryata ni?" Na ce shi ke nan, an gama. Sai kawai ta ɗaure fuska.

Ta ce, "Ke yarinya ce. Ai haka suke yi. Su zo da suna, da uwa da uba, har da garin Zariya. A Haɗeja an yi wani mai sayar da kifi, kyakkyawa ta yi ta zuwa masa ciniki, har an kai gaisuwa. Ran nan kwandonsa ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, me zai gani a ƙarƙashin zani? Kofato!"

Na ce, "Iya, wannan fa jami'a take zuwa."

Ta ce, "Su an hana su karatu ne?"

To ga sharaɗinta, ka saurara da kyau. Gobe Lahadi Baba zai je taron ɗalibai 'yan Najeriya, sai dare zai dawo. Ka kira da hantsinku, ido na ganin ido. Ba a cikin tsohon gidan can ba, a waje, a sarari. Hasna ta zo ba hoda, ta yi sallama, ta karanta Ayatul Kursiyyu da bakinta, sannan ta nuna ƙafarta. In ƙafar mutane ce, Iya ta ce ta san abin da za ta gaya wa Baba kafin Litinin. In aka ƙi nunawa, ita da kanta za ta raka shi wurin Alhaji Maitama.

Na san abin da kunya, a ce yarinya ta fara gaisawa da dangin miji da tafin ƙafa. Ka lallashe ta. Ka ce mata ni ma ina nan a bayan Iya, ina yi mata addu'a.

Af, ta kuma tsare ni wai ni ina na san zancen loɓawar kumatu. Na ce a littafi. Ta ce in ɗauko. Yaya, yanzu haka mun kai rabi. Ta tsani saurayin, ta ce ba shi da sana'a sai jingina da mota.

Taka ƙanwar,
Zuhra

*

York
Lahadi

Zuwa ga Zuhra,

Assalamu alaikum ƙanwata. Ni ce Hasna. Yayanki ya ce ke sai da wasiƙa, to ga tawa. Na gan ki ɗazu, rabin fuskarki dai, a bayan kafaɗar Iya. Na gode da ɗaga mini hannun da kika yi, shi ya hana ni guduwa.

Ke kin ga abin ta waya, bari in gaya miki yadda yake ta nan. A kan ganuwar gari muka tsaya, iska kamar za ta cire kunne. Sallama ta tafi daidai. Karatu ma lafiya, ko da yake matar nan ta kusa da Iya mai riƙe da lemun tsami ta sa na kusa rikicewa. Sai yayanki ya sunkuyar da wayar. Ni kuma ban yi tunani ba, na sa baƙaƙen takalman sanyin nan masu ƙaton kai. Kin ji ihun ai. "Kofato! La'ilaha illallahu, kofato!" Har wani tsoho mai kare ya tsaya ya tambaya ko a kira 'yan sanda.

Na zauna na kwance igiya. Na cire safa, akwai wata a ciki. Na ji Iya tana cewa, "Ka gani ko? Saɓa take yi!" Na cire ta cikin, na taka dutsen nan da ƙafata tsirara. Zuhra, na shekara ina wasan matacciya, sai yau na san yadda suke ji. Ta ce in motsa 'yan yatsu, na motsa. Ta ce in juya dunduniya. Baƙi sun taru suna ɗaukar hoto, sun zaci sabon wasa ne, wata har ta tambayi yayanki ƙarfe nawa ake na gaba.

Sai Iya ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni gidan wa a Zariya, na faɗa. Ta tambayi sunan kakata, na faɗa. Ta ce, "To." Ta kashe waya.

Ƙanwata, wannan wane irin "to" ne? Ni a Leeds na girma, na Mamana kawai na iya fassarawa. Yayanki ya ce kada in damu, amma ya sayi abinci ya bar shi a kan benci, tsuntsaye sun cinye yana kallo. Gobe ce Litinin ɗin.

Wani abu tsakanina da ke, tunda an ce kina son labarin: tagar saman nan, kullum ni nake rufe ta da hannuna in an tashi, kullum kuma a buɗe nake samun ta. Kada ki gaya wa Iya.

Ki rubuto da wuri don Allah.

Yayarki, in an yarda,
Hasna

*

Cheras
Litinin

Maigida,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ni ce Iya nake faɗa, Zuhra tana rubutawa, kuma na ce ta daina dariya ta rubuta daidai.

Na ga ƙafa. Ta mutane ce. Sai dai ba ta taɓa ganin lalle ba, wannan kuma mai gyaruwa ne.

Na zaunar da ubanka bayan asuba na gaya masa abin da ka kasa. Ya sunkuyar da kai yana ta gyaran hula, ya ce, "Yaron nan dai." Maganar tikiti kuma ta mutu. Brickfields dai an je, amma ni da Rosnah muka je, shi yana makaranta. Ka zauna ka gama karatunka.

Mun ga takalma masu duwatsu a wani shago, irin na Indiyawa, sun dace da akwatin lefe. Ka turo mini lambar ƙafarta. Tambayarta za ka yi da baki, ban ce ka je ka auna ba.

Ka gaishe ta, ka ce ta sa safa.

Matarka ta fari,
Iya